Mun Ji, In Ji Sarkin Fawa

Tsufa ya fara yi mini sata. Sunayen wasu gadoji da na tsaya a kansu har aka gama, yanzu sai na yi ta lalube kafin su faɗo mini, wani lokaci ma matata ce ke tuna mini. Amma abin da ya faru tsakanina da mahautan wani gari, a shekarar da aka ɗauke ni daga kan awo aka ɗora ni a kan mutane, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a kai ni makwancina.

A zamanin shugaban ƙasarmu na farko ne, lokacin da 'yan arewa masu takardar injiniya ana iya ƙirga su da yatsu. Ni haifaffen unguwar Hausawa ne a Garwa, ɗan mai sayar da goro, kuma na yi kusan shekara goma ina aikin hanya. Daga wajen Tinyer har can Mora akwai kwalbatoci da ƙananan gadoji da ni na auna su, ni na lissafa rodinsu. Ruwa bai taɓa tafiya da ko ɗaya ba, kuma ba na ɓoye wa kowa wannan, har wanda bai tambaye ni ba. Ina da wata na'urar awo mai ƙafa uku, wadda ake leƙawa a ga inda ƙasa ta ɗaga da inda ta sauka. Matata takan ce na fi lallaɓa na'urar nan a kan 'ya'yan da na haifa, kuma ban taɓa musa mata ba.

Wata rana mai gidanmu na ofis, wani dattijo da ya fara aiki tun Faransawa na mulki, ya kira ni ya ce za a gina sabuwar mayanka a wani gari mai kasuwar shanu, gaba da Pitowa. Ni zan zama abin da ake kira shef de furoje, wato mai riƙe da aikin tun daga sarar tushe har ranar miƙa makulli. Ya ce ya zaɓe ni ne don mahautan garin yawancinsu Hausawa ne, zan ji maganarsu ba sai da tafinta ba. Aikin kuma dole ya ƙare kafin bikin ƙasa na watan Mayu, don Gwamna da kansa zai zo buɗewa. Har na kai bakin ƙofa sai ya ce, "Na'urar nan taka ka miƙa wa wani. Daga yau kayan aikinka kunne ne da ƙafa." Na yi dariya na fita, na ɗauka irin zancen tsofaffi ne.

Wanda aka ba tsohon matsayina abokina ne tun makaranta, mutumin kudu, Kirista, mai haƙuri kamar damo. Shi ne injiniyan aikin, ni ne shugaba. Amma ina, jiki ya riga ya saba. Kullum da safe sai in ɗauki na'ura in sake auna abin da ya auna jiya, in sake lissafa abin da ya lissafa. Ban taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ban daina ba. Ran nan da abin ya ishe shi ya ce mini cikin raha, "Shef, in aikina kake so, ba ni naka mu yi musaya." Na ji maganar, amma ban ji abin da ke cikinta ba. A lokacin ni ban ma san akwai wani aiki nawa daban da nasa ba.

Zanen ginin daga Yawunde, babban birnin ƙasa, aka aiko shi, da hatimi ja a kowane shafi. Na duba shi da idon injiniya, ban ga makusa ba. Babban ɗaki ne mai daɓen kankare. Daɓen ya gangara zuwa yamma, inda lambatu ya bi gindin bango ya fita zuwa wani rami da zai shanye jini da ruwa. Kusa da lambatun za a dasa zobban ƙarfe na ɗaure shanu, yadda wuyan kowace dabba zai faɗa daidai bakinsa. Tsabta ta ce haka, lissafi ya ce haka, ni ma na ce haka.

Kafin a sara tushe, ƙa'ida ta ce a tara waɗanda za su yi amfani da wurin a ji ta bakinsu. Aka yi taron a ofishin Superefe, wato mai mulkin yankin, ga hoton shugaban ƙasa a bango, ga jandarma, ɗan sanda mai kayan soja, a bakin ƙofa. Mahauta suka shigo su wajen goma, suka tuɓe takalma, suka zauna a ƙasa. Jagoransu Sarkin Fawa ne, wani gajeren tsoho mai faɗin ƙirji, bakinsa ja wur da goro, ɗan yatsansa ɗaya a tanƙware. Ni kuwa, da aka zaɓa don na iya Hausa, sai na miƙe na yi bayani da Faransanci saboda Superefe na zaune. Tafinta ya juya zuwa Fillanci, sannan wani ya ɗan tsakura musu da Hausa. Har yau in na tuna wannan sai in ji kunya.

Da na gama na shimfiɗa musu zanen a ƙasa. Sarkin Fawa ya matso ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya yi tambaya ɗaya tak.

"Mushe, ina gabas a takardar nan?"

Bari in tsaya in faɗi wani abu game da sunan nan. Leburori kan ce mini Misye, kamar yadda ake ce wa duk ma'aikaci. Harshen mahauta ne ya mayar da shi Mushe, kuma kowa ya san abin da mushe yake a wurin mahauci: dabbar da ta mutu ba a yanka ba. Ba na jin daɗin sunan, amma ba yadda zan yi, tunda fuskarsu ba ta taɓa nuna da gayya suke yi ba.

Na nuna masa kibiyar da ke nuna arewa, na ce to ga gabas a wannan gefen. Har ina jin daɗi, wai tsoho yana sha'awar ilimin taswira. Ya sake duba takardar, ya dubi Superefe, ya dube ni, ya ce, "To. Mun ji." Sauran suka ce mun ji. Aka yi fatiha aka tashi. Na koma na rubuta bayanin taro, na sa kalma ɗaya ta Faransanci, dakor, wato sun amince. Na sa hannu, Superefe ya sa hannu, takarda ta tafi Yawunde.

Wata huɗu muna aiki. Bango ya tashi, an ɗora kwano, an haƙa lambatu a yamma, an daddage ƙasar daɓe. A duk inda na taɓa aiki, mutanen gari kan zo kallo har su dame mu da tambaya. A nan kuwa mahauta sai su wuce ta bakin hanya su ce sannunku da aiki, ko leƙowa ba sa yi. Na lura, amma na ce a raina mutane ne masu kamun kai. Da ina da kunnen da mai gidanmu ya faɗa, da na ji shirun nan yana magana.

Ranar wata Laraba, ana gobe za a zuba kankaren daɓe, komai ya haɗu: siminti, tsakuwa, yashi, injin kwaɓi da na yi mako biyu ina roƙo kafin a ba ni aro daga Garwa. Zafin bazara ne irin na ƙasar Binuwai, wanda ko ƙarfe ba ya taɓuwa. Da azahar ta yi muka shiga cikin ginin don inuwa, muka shimfiɗa buhunan siminti da aka zazzage za mu yi salla. Sai ga Sarkin Fawa da laimarsa, yana dawowa daga kasuwar shanu. Ya yi sallama ya ce rana ce ta koro shi. Shigowarsa ta farko ke nan. Da yake shi ne babba, muka tura shi gaba ya ba mu salla.

Da ya sallame ya juyo ya fuskance mu kamar yadda liman ke yi. Ya ja carbinsa kaɗan, idonsa ya wuce ta kan kafaɗata zuwa ramin lambatu da ke bayanmu.

"Mushe, yanzu ni ina nake kallo?"

Na ce yamma.

"To, can sanka zai kalla."

Ni da ke fuskantar gabas sau biyar a yini, ni da na taso ina ganin ana kwantar da ragon layya a tsakar gidanmu, wata huɗu ina leƙa na'ura a cikin ɗakin nan ban gani ba. Dabba a ɓarin hagu ake kwantar da ita, wuyanta na kallon alƙibla, mai yanka na bayanta shi ma yana kallon alƙibla. A zanenmu kuwa, sa da mai yanka duk sun ba gabas baya. In kuma aka ce a juya san a kan wannan daɓen, jinin baya zai dawo, ya bi ta ƙarƙashin dabbar ya jiƙa fata, ya malale ƙafar mai wuƙa.

Girman kai bai bar ni na yi shiru ba. Na ce, "Baba, ai malamai sun ce fuskantar alƙibla a yanka mustahabbi ne. In an bari, nama bai haramta ba."

Ya gyaɗa kai. "Haka ne, ka yi karatu. Amma ni ba fatawa nake kasawa a tebur ba, nama nake kasawa. Ranar da mace ɗaya ta faɗa a bakin rijiya cewa naman sabuwar mayanka an juya wa alƙibla baya, ko kyauta na bayar ba mai karɓa. Ku gama gininku lafiya. Mu tsamiyarmu tana nan."

Tsamiyar da yake nufi ita ce ta bakin rafi, inda suke yanka tun kakanninsu. Na tambaye shi, da murya da ta fi ƙarfin yadda ya kamata, don me bai faɗa ba tun ranar taro. Ya ce ai ya tambaye ni gabas. Sannan ya rage murya yadda leburori ba za su ji ba.

"A gaban Superefe da jandarma zan ce gwamnati ta yi kuskure? Ko in kunyata ɗan Bahaushe a gaban baƙi? Na ce mun ji, na koma zaurena na shimfiɗa tabarma ina jiran ka. Wata huɗu ke nan."

Ya ɗauki laimarsa ya fita.

Wanda bai rayu a zamanin ba zai ga kamar tsohon ya cika zurfin ciki. A lokacin ba a ce wa hukuma a'a, ko a mafarki. Abin da talaka ya mallaka shi ne mun ji, kuma duk wanda aka haifa a unguwa irin tamu ya san mun ji daban, mun yarda daban. Mahaifiyata in ta ce wa mahaifina ta ji, kowa a gidan ya san maganar ba ta ƙare ba. Ni ne makaranta ta sauya mini kunne, na ji Hausa na fassara ta da Faransanci.

Abu na farko da na yi, kun san shi: na nufi na'ura. Har na kama ƙafarta sai na ga abokina tsaye yana kallona, ya riga ya zaro fensir daga bayan kunne. Shi bai san zancen alƙibla a yanka ba, amma ya ga fuskata ya san an yi ɓarna. Nan take wani abu ya faɗo mini. Lissafin gangara shi ma zai iya, wataƙila ma ya fi ni. Amma zuwa wurin Superefe, da zuwa wurin Sarkin Fawa, da ɗaukar laifin a ka, ba wanda zai yi sai ni. Na saki na'urar. Na yi masa bayani, na ce ya juya mini daɓen nan ya gangara gabas. Ya zagaya ginin sau biyu ya dawo ya ce zai yiwu: a cike lambatun yamma, a haƙa sabo a gindin bangon gabas, a zagayo da shi ta waje zuwa ramin da muka riga muka haƙa. Amma sai an kwashe ƙasar daɓe an sake cikawa, kuma da leburorin da muke da su aikin mako uku ne. Ya ƙara da cewa zane mai jan hatimi ba a taɓa shi sai da izinin Yawunde, izinin kuwa in an yi sa'a ya iso bayan damina.

Lissafin a fili yake. Saura mako biyar biki. Kankare na son mako uku kafin ya ɗauki nauyin bijimi. In na zuba gobe, zan gama a kan lokaci, a tafa mini, in bar wa gari gini mai kyau da awaki za su riƙa kwana a ciki. In na tsaya, gyara mako uku, bushewa mako uku, na wuce biki da mako ɗaya, ga laifin taɓa zane ba izini. Tun ran gini ran zane, in kankare ya sha iska magana ta ƙare. Na kira shugaban magina na ce gobe ba zubi. Na rubuta umarnin a littafin aiki na sa hannuna ni kaɗai, don kada gobe a ce da abokina aka yi.

Da la'asar na isa wurin Superefe. Bafillace ne dogo, mai magana a hankali, irin mutanen da ba a gane fushinsu sai ya wuce. Na faɗa masa komai a tsaye. Na ce ranar biki a gaban Gwamna za a kayar da sa, ga Lamiɗo sarkin gari ga Liman, kuma ko dai mai yanka ya ba alƙibla baya kowa na kallo, ko ya ƙi sa wuƙa. Ya tambaye ni wa ya rubuta cewa mahauta sun amince. Na ce ni. Ya ce su me suka ce. Na ce cewa suka yi mun ji.

Ya yi wani ɗan murmushi, ya maimaita da Fillanci, "Min nani. Ko ni abin da nake ce wa Gwamna ke nan." Sannan fuskarsa ta koma yadda take. Ya ce ranar biki ba ta matsawa, takardar gayyata ta riga ta fita. Shi bai gan ni yau ba, bai ji zancen wani zane ba. In an gama, madalla. In ba a gama ba, sunana zai aika sama, ba nasa ba. Na san abin da wannan ke nufi: a sauke ni, a jefa ni wani ƙauye da ko hanya babu, in ƙare rayuwata ina auna wa wani ƙasa. Na ce na gode, na fito. Tun da aka ba ni muƙamin, ranar ce ta farko da na ji na san aikina.

Washegari da sassafe na bar mota, na sayi ƙwaryar goro mai kyau, don ko ba komai sanin goro kam na gada, na taka da ƙafa zuwa gindin tsamiya. Ga ungulaye a kan reshe, ga ƙudaje, ga mata da kwanoni suna jiran kayan ciki. Wata huɗu ina gina mayanka, ranar na fara ganin yadda ake kayar da sa: yadda ake jefa igiya a ƙafa, yadda mutum biyu ke murɗa ƙaho, yadda ake jan wutsiya ya tafi a ɓarin hagu kamar da son ransa. Sarkin Fawa ya gan ni sarai, ya bar ni a tsaye har aka feɗe na ƙarshe. Ban ga laifinsa ba, wata huɗu ya jira, sa'a biyu ba ta kashe ni.

Da ya zauna na durƙusa na ajiye goron, na ce, "Baba, na zo a koya mini." Na gaya masa na hana zubi, na gaya masa lissafin makonni yadda yake, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ɓare goro ɗaya ya duba cikinsa, ya ce wannan kam ɗan mai goro ne ya zaɓo. Sannan ya ce mahauci daga azahar ba shi da aiki sai hira, kuma yana da ƙarti wajen talatin da hira ta yi musu yawa. Amma kafin su ɗauki kwando ɗaya, sai an auna wurin da ma'aunin mahauta.

Ma'aunin ya iso da la'asar: wani jan bijimin Bororo mai ƙahoni kamar rassan itace. Suka shigo da shi cikin ginin, suka kayar da shi a kan ƙasar daɓe, wuyansa na kallon gabas. Mai yanka ya tsuguna a inda zai tsuguna, masu riƙo suka tsaya a inda za su tsaya. Abokina ya bi su da turaku da igiyar awo yana kafawa, yana tambaya da gurɓatacciyar Hausarsa, su kuma suna gyara masa suna dariya. Nan wani abu ya sake fitowa: tazarar da zane ya bari tsakanin zobe da zobe ta shanun Turai ce marasa ƙaho. Irin namu in an kwantar da biyu a jere, sai ɗaya ya tsire mai feɗe ɗayan. Wurin yanka shida ya koma biyar. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi yana son igiyar awo, na cusa shi a aljihu na bar shi can.

Daga ranar wurin ya koma kamar kasuwa. Magina da leburori da safe, mahauta daga azahar har rana ta faɗi, suna kwasar ƙasa suna kawo marmara a kwanduna. Ni kuwa ban taɓa na'ura ba ko sau ɗaya, kuma ban taɓa gajiya irin ta kwanakin nan ba. Yau ina Garwa ina lallashin mai injin kwaɓi ya ƙara mini kwanaki, gobe ina raba shugaban magina da wani mahauci a kan wa ke ba wa umarni, jibi ina rubuta wa Yawunde abin da na yi da dalilin yinsa, don kada su ji a bakin wani.

Mahauta da suka ga ƙofa ta buɗe sai buƙatu suka yi ta fitowa. Suka ce a sauke maratayan nama ƙasa kaɗan, na yarda. Suka ce a yi wa mata masu wankin tumbi wurin zama a inuwa, na yarda. Sai suka ce ɗakin likitan dabbobi, mai duba nama kafin ya fita, a toshe ƙofarsa ta ciki a mayar da ita waje, wai yana cika musu ido. Na ce wannan kam a'a, kuma na faɗa da Hausa a gaban kowa. Sarkin Fawa ya taso mini, ya ce taurin kaina ya fi na jakin Kano, ya ce dama mushe ba ya jin magana, ya kaɗa riga ya tafi. Washegari ya dawo ya ci gaba da faɗan daga inda ya tsaya. Ni kuwa raina fari tas. Wanda ke yi maka gardama a kan ƙofa ya riga ya ɗauki ɗakin nasa ne. Ƙofar tana nan inda take.

A rana ta goma sha biyu muka zuba kankare, hadari na haɗuwa a gabas yana watsewa. Mahauta suka karɓi aikin ba shi ruwa, suna lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna safe da yamma, ba wanda ya sa su.

Ranar biki katangar waje ba a shafe ta da farar ƙasa ba, ƙyauren babbar ƙofa kuma jingine shi muka yi. Gwamna ya iso, 'yan makaranta suka kaɗa tutoci, aka yi jawabai masu tsawo. Sannan aka shigo da sa, aka kayar da shi a zoben tsakiya. Mai yanka ya fuskanci gabas, ya yi bisimilla, ya ja wuƙa. Jinin ya gangara gabansa ya faɗa lambatu, ya bi gindin bango ya fice. Gwamna bai lura da komai ba, Liman bai lura da komai ba, kuma abin da nake nema ke nan. Abokina ne kawai ya matse mini hannu har na ji zafi.

Da manya suka watse, Sarkin Fawa ya zo ya tsaya kusa da ni yana kallon yadda ake wanke daɓen, ruwa na tafiya ba ya tsayawa.

"Mushe," ya ce, "shekara hamsin ina fawa, ban taɓa ganin mushen da ya halatta ba sai kai." Ya miƙo mini tsagin goro. "Wannan karon mun yarda."

Na sha yabo a rayuwata, har da na takarda mai hatimi, amma ba wanda ya kai mini wannan.

Takardar Yawunde ta iso bayan damina, kamar yadda abokina ya faɗa. Ba izini ba ce, jan kunne ne: na sauya zane ba da sanin na sama ba, kada in sake, kuma in ba da amsa. Mai gidanmu ya karanta mini ita da kansa, ya tambaye ni me zan rubuta. Na ce kalma biyu ce, kuma Faransawa ma suna da irinta a ofis. Na rubuta a gabansa na miƙa masa. Ya karanta, ya cire tabarau ya yi dariya har da hawaye, ya ce ashe sai yanzu na iya Hausa. Abin da na rubuta, in an juya shi zuwa harshenmu, mun ji ne.

Bayan wannan na riƙe ayyuka da yawa, makarantu, rijiyoyi, kasuwanni, kuma ban sake neman na'urata ba. Abin da tsohon nan ya koya mini ba ya cikin littafin da na karanta. Kankare ba ya jin kunyar kowa, in bai gamsu ba zai tsage ka gani. Mutum kuwa yana da kunya, yana da tsoro, yana da kara, sai ya ba ka amsa mai laushi ya bar ka da gininka. Injiniya aikinsa ya tabbata gini ya tsaya, mai riƙe da aiki kuwa sai ya tabbata an shiga ciki. Tun daga shekarar, duk taron da aka ce mini mun ji, ba na rubuta komai. Nakan rufe littafina, in sayi goro, in tambayi hanyar gidan wanda ya faɗa.